An ba ni canjin wurin aikin da na daɗe ina roƙo, amma kuka nake yi

Ga saƙon da wata 'yar uwa ta turo, na cire sunanta da sunan garin kamar yadda ta roƙa:

"Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ɓangaren awo da karɓar haihuwa, shekara shida kenan ina aiki a wani ƙauye a gabashin Sakkwato. Ba wuta, ruwa sai rijiya, hanya kuma kin san yadda take, akwai daren da muka kwana cikin gonar gero da jariri a hannuna saboda an ce ɓarayi sun taso. Maigidana da yarana uku suna cikin gari wajen Mabera, sai ƙarshen wata nake ganinsu, wani lokacin ma ya wuce haka. Babu irin roƙon da ban yi ba a dawo da ni gari, har azumi na yi a kai. To yanzu takarda ta fito, kowa barka yake min, ni kuma tun ranar kuka nake, abinci ma baya shiga. Matan garin sun fara jin ƙishin-ƙishin, wata tsohuwa ta riƙe min hannu tace, likita ke ma tahiya za ki yi ki bar mu? Maigidana ya ji muryata a waya ransa ya ɓaci, yace ashe dama ba na son dawowa. Anti butulci nake yi wa Allah? Wani lokaci sai in ji kamar in je in ce na fasa, wani lokaci kuma in ji gara in haɗa kayana da asuba in sulale ba sallama, dan bazan iya kallon idonsu ba."

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah shi saka miki da alheri a kan shekara shidan nan, Allah shi sa ki tarar da su a mizani. Bari in fara da amsar da kike jira dan hankalinki ya kwanta kafin mu shiga bayani: ba butulci kike yi ba, kuma ki tafi, kar ki fasa. Amma maganar sulalewa da asuba dan Allah ki cire ta daga ranki, ita ce kaɗai a cikin wasiƙarki na ji ta tayar min da hankali.

Mai butulci shi ne wanda aka yi wa ni'ima ya ce ba a yi masa komai ba. Ke kin san an yi miki, kin gode, kawai dai zuciyarki ce ta kasa barin mutanen da kika zauna da su, kuma wannan ai tun kakanni an sani, shi ya sa suka ce sabo ake yi wa kuka. Na san za ki samu masu ce miki sabo turken wawa, me ke akwai a ƙauyen da ba wuta ba ruwa da har za ki zubar masa da hawaye. Kar ki biye musu, basu san abin da shekara shida a ɗakin haihuwa ke nufi ba. Yaran da kika fara karɓa da hannunki yanzu suna tafiya makarantar allo da allonsu a hammata, kin san uwar kowannensu, kin san wadda ta kusa tafiya da zubar jini kika tsaya kanta da tocilar waya a baki har gari ya waye, kin san gidan da ke aiko miki da fura da nono ba ki tambaya ba, da wadda ke ajiye miki ƙwan zabi da damina. Sannan ga wani abu da mutanen cikin gari basu cika ganewa ba, wanda kuka ji tsoro tare da shi, kuka kwanta cikin gero ɗaya kuna toshe bakin jariri kar ya yi kuka, wannan ya wuce maƙwabci, ya zama jini. Wahalar da kike tunanin ita ya kamata ta sa ki tsani garin, ita ce ma ta ɗaure ki da mutanensa. To ta yaya za a raba ki da su ido ya bushe?

Ki tuna da Sayyidina Bilal, Allah ƙara masa yarda. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san abin da aka yi masa a Makka, yadda Umayya bin Khalaf ke kwantar da shi cikin zafin rana ya ɗora masa dutse a ƙirji. In akwai wanda ya kamata ya bar Makka bai waiwaya ba, shi ne. Amma Nana A'isha ta ba da labari, yana cikin Bukhari, cewa da suka isa Madina zazzaɓi ya kama shi shi da Sayyidina Abubakar, in zazzaɓin ya ɗan sake shi sai ya ɗaga murya yana baitoci, yana cewa ko zai sake kwana a kwarin Makka da ciyawar izhir kewaye da shi, ko zai sake shan ruwan Majanna, ko zai sake hango duwatsun Shama da Ɗafil. Kuma a wannan zaman dai ya ambaci sunayen waɗanda suka fitar da su, har da Umayyan, ya yi musu addu'ar tsinuwa. Kin gani, bai manta zaluncin ba, kewar ma bata bar shi ba, duka biyun suna cikin ƙirji ɗaya. Da aka kai wa Annabi (SAW) labari bai ce Bilal ya yi butulci ba, bai ce ya raina ni'imar hijira ba. Addu'a ya yi, "Allahumma habbib ilainal Madinata ka hubbina Makkata au ashadda", wato Allah ka sanya mana son Madina kamar yadda muke son Makka ko fiye. Ni dai a wajena duk amsar tambayarki tana cikin nan. Ba a nemi a cire son tsohon wuri ba, an roƙi a ƙaro son sabon ne. Ki riƙa roƙon Allah haka, ya sanya miki son gidanki da sabon wurin aikinki kamar yadda ya sanya miki son mutanen can.

Amma kuma zan gaya miki gaskiya, dan zuciya tana da wata ɗabi'a, da zarar ta tabbatar za a rabu sai ta fara wanke wurin tas, ta riƙa nuna miki hasken farin wata da hirar tsakar gida da sanyin asuba na hunturu, ta ɓoye miki sauran. Kar ki yarda ta ruɗe ki. Dalilan da suka sa kika yi azumi kina roƙon a dawo da ke suna nan ba inda suka je. Ke kina can a watan Satumba na 2021 lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan, in garinku na ciki kin san abin da ake nufi da uwa ta kwana ta wuni bata ji muryar ɗanta ba, su ma basu san tana raye ko a'a ba. Kina can a watan Oktoba na shekarar aka shiga kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama. Kin ga yadda mutanen yankin Sabon Birni da Isa suka riƙa kwashe iyalansu, wasu suka tsallaka Nijar wajen Maraɗi, wasu suka shigo cikin gari suna raɓe a kangaye, kin ji garuruwan da ake aza wa haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi. Waɗannan duk ba mafarki kika yi ba. Yaranki uku sun yi shekara shida duk wayar da ta shigo da dare gaban babansu sai ya faɗi. Su ma suna da haƙƙi a kanki, kuma nasu haƙƙin babu wanda za a turo ya sauke miki shi.

Dan haka maganar ki je ofis ki ce kin fasa, ban goyi baya ba ko kaɗan. Na farko ma aikin gwamnati ba a yi masa haka, takarda in ta fito ana son ki je ki nuna kanki a sabon wuri cikin lokacin da aka ɗiba, in kika yi ta jan ƙafa ke za ki jawo wa kanki takardar tuhuma, kuma gobe in abu ya ƙara ɓaci kika dawo kina neman a cire ki wa zai saurare ki. Bayan wannan, in kika fasa yanzu ba tunani ne ya sa ki fasa ba, nauyin ido ne da kunyar tsohuwar da ta riƙe miki hannu, kuma shawarar da aka yanke dan kunya bata daɗewa take komawa haushi. Wata uku kaɗai za a yi, ranar da aka sake cewa sun taso, ki samu kanki kina jin haushin mutanen da kika zauna dominsu, alhali basu yi miki laifin komai ba.

Ita tsohuwar nan kuma, ba hukunci ta yanke miki ba. Ta ga malaman makaranta sun tafi, ta ga masu hali na garin sun kwashe iyali sun tafi, tana tsoro ne, kuma tana son ki, abin da ya fito bakinta kenan. Bazan yi miki ƙarya in ce tafiyarki ba za ta bar giɓi ba. Za ta bari. Yana yiwuwa a daɗe ba a turo wata ba, yana yiwuwa wadda aka turo ta riƙa zuwa tana komawa bata kwana, kuma yana yiwuwa wata rana ki ji labarin wata da kika sani ta rasu wajen haihuwa zuciyarki ta ce da kina nan da ba haka ba. Ina gaya miki tun yanzu dan ranar ta same ki a shirye. Samar da ma'aikaciya a wannan asibitin da tsaron hanyar da za ta bi nauyin hukuma ne, ba nauyin mace ɗaya ba da ta riga ta ba da shekara shida na ƙuruciyarta. Allah da kansa ya ce baya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Rai da ajali kuma ba a hannunki suke ba ko lokacin da kike can, ke shaida ce, akwai waɗanda kika yi iya yinki suka tafi.

Abin da ke hannunki shi ne yadda za ki bar wurin, kuma nan nake so ki zuba duk wannan ƙarfin da ke tafiya a kuka. Ki nemi a ba ki 'yan kwanaki na miƙa aiki, sati ɗaya ko biyu, wannan ba roƙon alfarma ba ne, tsarin aiki ne. Ki zauna da rajistar awo ki fitar da sunayen duk masu cikin da suka shiga wata bakwai zuwa sama, ki sa alama a kan waɗanda kike jin tsoronsu, mai hawan jini, wadda ta taɓa jijjiga, wadda ta taɓa zubar da jini bayan haihuwa, wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, 'yan yaran nan masu cikin fari, da wadda ta haihu da yawa jininta ya yi ƙasa. Waɗannan ki kira mazajensu da kanki, ba matan kaɗai ba, dan kin fi ni sanin cewa a ƙauye mace bata fita sai da izini kuma kuɗin mota a aljihun namiji yake, ki gaya musu ƙarara wannan ba haihuwar gida ba ce, tun kafin wata ya kama a matsa da ita kusa da babban asibiti ko wajen dangi a cikin gari. Ki rubuta komai a littafi da hannu mai kyau, inda makullin firjin sola na rigakafi yake, abin da ya rage na allurar tsaida jini da ƙwayoyinta da allurar jijjiga da ranar da za su lalace, lambar direban da baya ƙin tashi da dare, har da halin mutane, wane gida ne sai an bi ta hannun kaka kafin su yarda da rigakafi, wane ne sai liman ya sa baki. Irin wannan ilimin baya cikin kowane fayil, a kanki kaɗai yake, in kika sulale da asuba da shi za ki tafi.

Sannan ki tara ungozomomin gargajiya na garin, dan ko an so ko ba a so su za a riƙa kira in ba kya nan. Kar ki je musu da fuskar mai koyarwa, ki je musu a matsayin 'yarsu mai barin amana. Ki maimaita musu abubuwan da in an gani ba a jira: jini kafin haihuwa ko wanda ya ƙi tsayawa bayanta, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ɗa ya daina motsi, hannu ko cibiya ta riga fitowa, mabiyiya ta wuce rabin awa bata faɗo ba, da naƙudar da ta kai awa 12, wato ta wuni ko ta kwana, dan doguwar naƙuda ita ke kashe jariri ta bar uwa da yoyon fitsari. Ki je wajen mai gari da liman da 'yan kwamitin mazaɓa masu kula da asibitin ki gaya musu gaskiya, su ne za su tashi su je ƙaramar hukuma su nemi a turo wata, su matsa wa kansilansu, ke ma ki rubuta a takardar miƙa aikinki yawan haihuwar da ake karɓa a wata dan wanda ke ofis ya gani da idonsa cewa wurin ba na bari ba kowa ba ne.

Sai sallama. Ki bi gida-gida na waɗanda suka riƙe ki, ki nemi gafara su ma su nema, ki bari su yi kuka ke ma ki yi, babu abin kunya a ciki. Duk abin da aka ba ki ki karɓa da hannu biyu, ko ƙwaryar gero ce, ko albasa, ko kaza, ko hoce ɗaure a leda, kar ki ce ai kun fi ni buƙata, wannan maganar tana ƙona talaka fiye da yadda muke zato, shi ma yana so ya ji ya sallame ki da wani abu. Ke ma abin da ba sai kin ɗauko ba ki bari, randa, tabarma, 'yar fitilar sola, ki raba. Mutumin da ya sulale, shekara goma bayan nan in ya tuna wurin kunya ce ke fara zuwa masa kafin kewa, har ya kasa ɗaga waya in an kira daga can. Ba na so miki haka.

Amma ki kula da wannan da kyau dan yanayin da muke ciki: sallama daban, sanar da ranar tafiya daban. Ki yi sallamarki cikin kwanaki a hankali, kar a yi taro da shela, kuma rana da lokacin da mota za ta tashi da ke kar kowa ya sani sai mutum ɗaya ko biyu da kika yarda da su da maigidanki. Kowa ya san akwai masu kai rahoto, kuma ma'aikaciyar gwamnati da kaya a mota abin a sa wa ido ce. Manyan kaya ki riƙa turo su kaɗan-kaɗan tun kafin ranar, ke ki fito kamar yadda kika saba fitowa ƙarshen wata, da rana tsaka ba da yamma ba, kuma ki bi maganar direbobin da ke bin hanyar kullum.

Wajen sallamar nan bakinki zai so ya yi alkawari dan ki rage musu zafi, zan riƙa zuwa duk wata, duk wadda za ta haihu a kira ni. Ki riƙe harshenki, alkawari kaya ne, kuma hanyar da kika roƙi Allah ya raba ki da ita ba za ki riƙa bin ta duk wata ba, ke ma kin sani. Ki faɗi abin da za ki iya kawai, ga lambata bazan canza ba, in an turo ku asibiti cikin gari ku neme ni. Kuma wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki tuna yadda baƙauye ke shigowa Sakkwato da mara lafiya, ya sauka tasha bai san gabas ba bai san yamma ba, ɗan kabu-kabu ya yi ta yawo da shi, ya isa asibiti bai san inda ake yankan kati ba. Yanzu suna da tasu a gari, wadda za ta ce wannan Asibitin Ƙwararru za ku, wannan sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wato UDUTH, mai yoyon fitsari a kai ta asibitin mata da yara na Maryam Abacha inda ake gyaran, yaron da ciwo ke cin bakinsa da kumatunsa a garzaya da shi asibitin Noma tun bai yi nisa ba. Waya ɗaya daga gare ki tana iya rage musu kwana biyu na yawo. Sai dai ki zauna da maigidanki ku yi magana a kan iyakar abin tun wuri, dan in ba a yi hankali ba gidanku zai koma masaukin gari guda, ku yanke wa za ku iya saukarwa, na kwana nawa, kar alherin da kike yi a waje ya zama rigima a cikin gida.

Shi kuma maigidan, ki yi masa uzuri, kuma ki gyara wannan maganar tun kafin ki dawo. Ki duba ta wajensa, shekara shida yana riƙe da yara, yana zuwa wajen wannan da wancan yana neman a taimaka a dawo da ke, yana kwana da fargaba, ranar da abu ya tabbata ya kira yana jiran guɗa sai ya ji shessheƙa. Kowane namiji ne sai ya ji wani iri. Kar ki tsaya kare kanki ko ki ce bai fahimce ki ba. Ki fara da godiya, ki ambaci abubuwan da ya yi ɗaya bayan ɗaya dan ya san kin gani, ki gaya masa da bakinki cewa kina son dawowa kuma da an ce ki zaɓa sau goma gida za ki zaɓa, sannan ki ce masa kukan na matan da za ki bari ne ba kowa a kansu. Ki ba shi labarin mutum ɗaya ko biyu da sunansu, dan shi garin a wajensa wuri ne da ya ƙwace masa mata, bai san fuskokin da ke ciki ba. In kin dawo kuma kar ya zama kowace hira sai kin ce a can kaza, a can kaza, ki samu wata abokiyar aiki da ta taɓa zaman ƙauye ku riƙa sauke wa juna wannan.

Gidan ma ki shigo shi a hankali. Yara sun saba da hannun wadda ta riƙe su, ko kakarsu ce ko gwaggonsu, ƙaramin ma ƙila in ya faɗi ba wajenki zai fara rugowa ba, zai yi miki ciwo amma kar ki nuna, kuma kar ki shigo da gyare-gyare a satin farko kamar duk abin da aka yi bayanki ba daidai ba ne. Wadda ta riƙe miki su ki yi mata alheri na musamman, turmin atamfa da godiya a gaban mutane. Wajen aiki kuma ki shirya, a can ke ce likita, ke ce incaji, in kin wuce maza na sauka daga kan keke su gaishe ki, a nan za ki zama ɗaya cikin ma'aikata da yawa, akwai na gaba da ke, akwai jadawalin aikin dare, ƙila ma wata da bata kai ki ganin haihuwa ba ita za ta riƙa ba ki umarni. Wani ɓangare na kukan da kike yi na wannan ne ko baki lura ba, kuma ba girman kai ba ne, kowa na son inda ake buƙatarsa. Ki yi haƙuri ki kama aikinki, hannun da ya karɓi haihuwa shekara shida ba wuta ba likita a kusa baya ɓoyuwa, za su gane da kansu. In da hali ma ki fara tunanin ƙaro karatu yanzu da kike kusa da makarantu.

Abu na ƙarshe, jikinki. Mutanen da suka daɗe cikin fargaba sau da yawa sai sun fito ne abin ke taso musu. Za ki iya jin ƙarar babura da yawa da dare ki zabura, ko yara su fasa abin wasan wuta lokacin biki ki ji ƙafafunki sun mutu, ko ki kasa barci sai da hijabi da takalmi a kusa, ko ki riƙa mafarkin daren gonar nan. In ya zo kar ki ce aljanu ne ko raunin imani, jiki ne bai gama yarda cewa an tsira ba, kuma yawanci yana raguwa da kansa cikin 'yan makonni in ana samun barci da abinci da wanda za a yi wa magana. Ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki gaya wa maigidanki dan ya san abin da ke faruwa in ya ga kin firgita. Amma in ya wuce wata guda baya sauƙi, ko rashin cin abincin nan ya ci gaba kina ramewa, ko kika ji aiki da yara duk sun fita ranki, to ki je ki ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a UDUTH akwai kuma asibitin tarayya na Kware, ke ma'aikaciyar lafiya ce kin san zuwa can ba hauka ba ne. Tun yau ma dan Allah ki sa wani abu a cikinki ko kunu ne, sati biyun nan da ke gabanki aiki ne ja.

In kin koma kin natsu ki sake rubuto min, ina so in ji ko an turo wadda za ta karɓe ki, in ba a turo ba mu ga ta inda za a ƙara matsawa. Allah shi kiyaye hanya, shi kawo ki gida lafiya, su kuma Allah shi ba su wadda za ta riƙe su da amana, shi kawo mana ƙarshen wannan masifa a gabashin Sakkwato da sauran wurare.